Na gaji da aikin ikkilisiya: in ajiye ne, ko in ci gaba da daurewa?

Wani ɗan'uwa tela daga Marwa a arewacin Kamaru, mai mata da 'ya'ya uku, ya aiko da wannan tambaya: "Baba Fasto, ni ne tafinta a sujadar Hausa, ni ke koyar da yara a makarantar Lahadi, littafin kuɗin baiko yana hannuna, in wani ya kwanta ciwo da dare mashin ɗina ake nema. Tun da 'yan gudun hijira suka ƙaru, aikin ya ninka. Yanzu in Lahadi ta waye sai gabana ya faɗi. Ina yi wa matata tsawa ba dalili, addu'a kuma ta zama mini kamar hadda. Na ce zan ajiye, sai wani dattijo ya karanta mini Luka 9:62, cewa wanda ya kama garma ya waiwaya bai dace da Mulkin Allah ba. Zunubi ne in ajiye? Yaya zan tsaya da aminci alhali ƙarfina ya ƙare?"

Ɗana, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba da lada. A shekarun da na yi ina koyar da masu bishara da zagaya ikkilisiyoyi tsakanin Garwa da duwatsun Mandara, na sha jin irin wannan kuka, kuma kusan kullum daga bakin mutanen da aka fi dogara da su yake fitowa. Bari in fara da abin da ya fi damun lamirinka: sauke wani ɓangare na aikin nan ba zunubi ba ne. Ina ma ganin in ba ka sauke ba, kana dab da rasa aikin duka, da lafiyarka, da zaman lafiyar gidanka.

Ka buɗe Luka 9 ka fara daga aya ta 57. Mutum uku ne suka yi magana da Yesu a hanya, zancen kuma duk a kan bin sa ne. Ɗaya ya ce zai bi shi ko'ina, ɗaya aka kira shi ya ce sai ya binne mahaifinsa tukuna, na uku ya ce bari ya je ya yi sallama da mutanen gida. Mai waiwaya a nan shi ne wanda zuciyarsa ta rabu biyu a kan Almasihu kansa. Babu zancen littafin baiko a wurin, babu zancen wanda zai kai mara lafiya asibiti. Kada ka riƙe dattijon nan a zuciya. Mai yiwuwa tsoro ne ya kama shi, ya duba hagu ya duba dama bai ga wanda zai maye gurbinka ba, sai ya jawo ayar da ta fi kusa da hannunsa. Amma ya ɗora ta inda ba wurinta ba, kuma aya in aka ɗora ta haka takan daure mutumin da ya kamata a kwance.

Bulus ya ce a 1 Korintiyawa 4:2 abin da ake nema ga wanda aka ba amana shi ne a same shi da aminci. To, tambayar da za ka zauna da ita ke nan: a cikin ayyukan nan huɗu, wanne ne amanar da Allah ya ba ka, wanne kuma ya faɗo kanka don kawai ba ka iya cewa a'a?

Na san yadda aka yi suka taru. A Marwa Fillanci ne harshen kasuwa da unguwa, Faransanci na makaranta da ofis, masu iya karanta Hausa da kyau har su tsaya gaban jama'a kuwa ba su da yawa. Daga 2013, da rikicin Boko Haram ya tsananta a kan iyaka, aka buɗe sansanin Minawawo kusa da Mokolo, wanda mutanensa a 'yan shekarun nan suka haura 70,000. Ba kowa ne ya zauna a sansani ba. Wasu sun gangaro Mora, Mokolo da Marwa, ga kuma mutanenmu na ƙauyukan Mayo-Tsanaga da Mayo-Sava da suka bar gonakinsu. Da yawa daga cikin waɗanda suka ƙetaro daga wajen Gwoza da Hausa suka saba sujada, da Littafi Mai Tsarki na Hausa da littafin waƙoƙi suka taso. Ikkilisiyoyi suka buɗe musu ƙofa, kuma sun kyauta. Sai dai a lokacin kowa ya ɗauka abu ne na 'yan watanni. Wanda ya iya Hausa aka ce ya taimaka, ya taimaka. Aka ce tunda kana nan riƙe mana wannan ma, ya riƙe. Yau an wuce shekara goma, kayan da aka ɗauka da gudu a ranar tashin hankali har yanzu yana kan mutum ɗaya, ba wanda ya sake zama ya ce a raba.

Aikin tafinta kaɗai ya isa ya gajiyar da ƙato, amma mutane ba sa ganin haka don a tsaye kawai suke ganinka. A watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, rufin kwano yana ƙara, mai wa'azi ya saki jimla mai tsawo da Faransanci, ya haɗa da aya da karin magana, ya juyo yana kallonka. Kai kuwa kana riƙe da farkon jimlar a ka, kana neman ayar a naka Littafin da yatsa ɗaya, kana lura da tsohuwar da ke benci na gaba ko ta gane, kafin ka rufe baki ya riga ya soma ta gaba. Minti arba'in ko hamsin a haka, ban da sanarwa, ban da addu'o'i, ban da gaisuwar baƙi. Masu fassara a Majalisar Ɗinkin Duniya, duk da nasu ya fi naka sauri, bibbiyu ake zaunar da su, suna karɓar juna kusan kowane rabin sa'a, domin an san ƙwaƙwalwa tana sarewa. Abin da ya fi ba ni tausayi kuwa shi ne wannan: tafinta ba ya jin wa'azi. Maganar tana shiga kunnensa ta fita bakinsa, ba ta samun wurin zama. Kowa ya koma gida da abin da ya samu, kai ka koma da ciwon kai. Shekaru ke nan kana ciyar da jama'a ba ka zauna an ciyar da kai ba, don haka ban yi mamaki ba da ka ce addu'a ta zama maka hadda.

Abin da kake ji yana da suna a wurin masana lafiya: da Turanci suna ce masa "burnout", wato ƙarewar ƙarfi saboda nauyin aiki. A 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam, Herbert Freudenberger, ya bayyana shi bayan ya lura da 'yan sa-kai a wani ɗakin shan magani na kyauta a New York, mutanen da suka fara da zafin nama, bayan wani lokaci suka zama kamar an zare musu laka. Ka lura, a cikin masu aikin taimako ba albashi aka fara gane shi, irinka ke nan. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a kundinta a matsayin matsalar da ke tasowa daga nauyin aiki da ya daɗe ba a shawo kansa ba, ta kuma ce ba cuta ba ce a karan kanta. Alamunsa uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta ja baya daga aikin har mutum ya fara jin haushinsa, sannan ya ga kamar duk abin da yake yi ba ya tsinana komai. Ta biyun ce nake tsoro a aikin Ubangiji. Ranar da waya ta yi ƙara da dare, ka ga sunan ɗan'uwa, abin da ya fara zuwa ranka shi ne "ga shi kuma", to lokacin tsayawa a duba ya yi.

Kafin ka kira shi matsalar ruhaniya, je asibiti. Da gaske nake. A ƙasarmu gajiyar da ba ta tafiya sau da yawa zazzaɓin cizon sauro ne da bai warke sarai ba, ko ƙarancin jini, ko hawan jini, ko ciwon sukari, ko ciwon hanta. A auna jininka, a duba sukari. Ka gaya wa likita gaskiyar sa'o'in barcinka. Babba yana bukatar kamar sa'a 7 a dare, kai kuwa tela ne, na san yadda kuke kwana kan keke in Sallah ko Kirsimeti ta matso. Kada ka kusanci tramol don ka samu ƙarfin aiki. Na ga samari masu kirki da suka fara da ƙwaya ɗaya don su jure, suka ƙare ba sa iya tashi sai da ita, wasu har da farfaɗiya. Idan kuma baƙin ciki ya zauna maka kusan kullum har mako biyu ko fiye, ba ka jin daɗin komai, har ɗinki da wasan 'ya'yanka, abinci ya fita ranka, ko tunanin gara mutuwa yana zuwa maka, wannan ya wuce gajiyar aiki, ciwon damuwa ne, yana da magani, kuma ka faɗa wa likita da wani amintacce a ranar, kada ka jira. Akwai kuma wani nauyi da masu fassara ke ɗauka ba su sani ba. Kai ne ka juya labarin matar da aka kashe mijinta a gabanta, da bakinka ka faɗe shi, kana cewa "ni" a madadinta. Irin wannan yana kwana a jiki. Idan kana mafarkinsa ko kana firgita, ka ambata shi ma.

Yanzu mu je ga Iliya, domin babu inda Littafi ya nuna halin da kake ciki kamar 1 Sarakuna 19. Mutumin nan bai gaji don ya yi zunubi ba. Ya gaji ne bayan babbar nasara a Dutsen Karmel, bayan wuta ta sauko, bayan ruwan sama ya dawo, bayan ya yi gudu a gaban karusar Ahab har Yezreyel. Saƙo ɗaya daga Yezebel ya karya shi. Ya gudu Biyersheba, ya bar baransa a can, ya shiga jeji tafiyar yini guda shi kaɗai, ya zauna gindin wani itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Dubi abin da Allah ya fara yi. Bai yi masa wa'azi ba, bai tuna masa da Karmel ba. Ya bar shi ya yi barci. Mala'ika ya tashe shi, ga abinci ga tulun ruwa, ya ci ya sha ya sake kwanciya. Aka sake tashinsa ya ci, aka ce masa tafiyar ta fi ƙarfinsa. Sai bayan kwana arba'in, a Horeb, Allah ya tambaye shi abin da yake yi a nan, ya kuma bar shi ya zazzage cikinsa har sau biyu da magana iri ɗaya.

Maganar da ya yi ta maimaitawa ita ce shi kaɗai ya rage. Amma a sura ta 18 Obadiya ya riga ya gaya masa baki da baki cewa ya ɓoye annabawa ɗari a kogo yana ciyar da su. Iliya ya sani, gajiya ce ta shafe masa. Haka take yi: takan sa mutum ya ga babu kowa sai shi, in ya saki komai zai rushe. Amsar Allah ita ce akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya koma ya keɓe Elisha ya gaje shi. Allah bai sallame shi daga aiki ba, bai kuma mayar da shi yadda yake dā ba. Ya mayar da shi da mataimaki. Saboda haka shawarata ta farko ita ce kada ka yanke hukuncin barin komai a cikin wannan gajiya. Mutumin da bai yi barci ba, bai ci ba, ba ya ganin al'amari daidai. Nemi hutu tukuna, wata ɗaya zuwa uku, daga baya ka yanke.

Ka san rijiya a ƙarshen rani. In aka yi ta zura guga ba ƙaƙƙautawa, laka ake jawowa. Matan unguwa sun san haka, sukan ce a bari ya taru, su dawo da asuba su samu ruwa garau. Rijiyar ba ta mutu ba, an ɗebe ta ne fiye da yadda idonta ke kawowa. Tsawar da kake yi wa matarka lakar ke nan.

Hutu kaɗai ba zai warkar da kai ba in ka koma ka tarar da kayan yadda ka bar su. Yetro ya ga surukinsa Musa yana shari'a daga safe har yamma, ya ce masa kai tsaye abin da yake yi ba shi da kyau, zai gajiyar da kansa ya gajiyar da jama'a, ya naɗa shugabanni na dubu, na ɗari, na hamsin da na goma. Yana Fitowa 18. Amma wanda ya fi kama da halinku shi ne Ayyukan Manzanni 6, domin can ma matsalar harshe ce. Gwaurayen masu jin Helenanci ana tsallake su a rabon abinci na kullum, gunaguni ya tashi. Manzanni ba su ce bari mu ƙara ƙoƙari mu yi duka ba. Sun ce bai dace su bar Maganar Allah su koma rabon abinci ba, a zaɓi mutum bakwai, kuma duka bakwai ɗin sunayen Helenanci gare su. Wato a cikin mutanen da abin ya shafa aka samo masu ɗaukar nauyin.

Nan nake so ka buɗe ido sosai. A kan bencinan sujadarku ta Hausa akwai mutanen da kafin gudu su ne sakatarorin ikkilisiya, shugabannin Zumuntar Mata, malaman makarantar Lahadi, masu ba da waƙa, wasu ma malaman firamare. Sun iya karanta Hausa, wasunsu sun fi ka. Mun saba kallonsu a matsayin waɗanda ake ba masara da tabarma, muka manta da abin da ke hannunsu. Na san wata uwa da ta shekara da shekaru tana zama a bayan majami'a ba ta cewa uffan. Ranar da aka rasa mai koyar da yara aka roƙe ta ta tsaya, sai ta jera su a inuwar darbejiya, ta fara da waƙa, ta ba su labarin Yusufu ba ta ko duba takarda ba, yaran da ba sa zama suka yi tsit. Da aka tashi tana kuka, ta ce ta ɗauka wannan ɓangaren rayuwarta ya ƙone tare da gidanta. Riƙe aikin da kake yi kai kaɗai yana hana irin waɗannan mutane abin da zai mayar musu da mutuncinsu.

Ga yadda nake ganin za ka bi da ayyukan. Littafin baiko ka fara miƙawa, ba don ana zarginka ba, sai don bai kamata kuɗin ikkilisiya ya zauna a hannun mutum ɗaya ba ko da mala'ika ne, balle wanda ya gaji har yana iya manta rubuta sefa 500. Bulus kansa, a 2 Korintiyawa 8, ya sa an zaɓi waɗanda za su raka gudummawar da aka tara don kada a samu abin zargi. Mutum biyu su ƙirga, su sa hannu, na uku ya riƙe littafi. Zancen mashin kuma a yi jeri na masu abin hawa, kowa da makonsa, ikkilisiya ta ware ɗan kuɗin mai. Ba rashin bangaskiya ba ne ka faɗi abin da aikin ke ci maka: man da kake saye, da ranakun da ka rufe shago mai kaya ya zo ya koma. Bulus ma da sana'ar ɗinkin tanti ya ci abinci, ya san darajar yinin aiki. Tsakanin tafinta da koyar da yara kuwa, kai ka san wanda in kana yi zuciyarka ke buɗewa. Riƙe shi. Ɗayan ka nemi mutum biyu ka koya musu, kamar yadda 2 Timoti 2:2 ta ce a danƙa wa amintattu waɗanda za su iya koya wa wasu. In tafinta ka riƙe, to a samu na biyu ku riƙa karɓa-karɓa, aƙalla Lahadi ɗaya a wata kana zaune kusa da iyalinka kana ji kamar kowa.

Za su yi kuskure da fari. Yaron zai yi in'ina, zai juya aya ba daidai ba, wani zai zo ya ce maka ai naka ya fi daɗi. Kada ka karɓe. A nan ne zan gaya maka magana mai ɗan ɗaci, don ina ƙaunarka. Wani lokaci mu masu aiki mukan ji daɗin a ce in ba mu ba abu ba ya tafiya. Muna kukan nauyi, amma in aka zo karɓa sai hannu ya ƙi saki. Bincika zuciyarka a gaban Allah a kan wannan. Ka kuma bincika ko akwai wani rauni a ƙarƙashin gajiyar: wata magana da aka faɗa maka a taron dattawa, godiyar da ba a yi ba, ranar da naka ɗan ya kwanta ba wanda ya leƙo. Sau da yawa mutum yakan ce aiki ne ya gajiyar da shi alhali ɓacin rai ne da ya haɗiye. In akwai, ka je wurin mai shi ku yi magana ku biyu kamar yadda Matiyu 18:15 ta koyar, domin hutun wata uku ba ya taɓa wannan.

Yadda za ka faɗa wa shugabanni yana da muhimmanci. Kada ka faɗa a ƙofar majami'a ana tsakiyar gaisawa, kada ka aika ta WhatsApp da tsakar dare, kada kuma ka ɓace kawai a neme ka a rasa. Je gidan fasto da yamma, ku gaisa, ka ce masa: "Baba, na zo neman taimako ne. Ina so in daɗe ina yi wa Ubangiji aiki a wannan ikkilisiya, amma yadda nake tafiya yanzu ba zan kai ba. Ga abin da zan iya riƙewa, ga wanda nake roƙo a karɓa, ga sunayen waɗanda nake gani za su iya, zan kuma koya musu." Ka sa rana, ka ce daga farkon wata kaza. In ba ka sa rana ba, za a ce to, Allah ya kai mu, shekara ta zagayo kana nan.

Lahadi ba ranar hutunka ba ce, ka yarda da wannan. Kwana shida kana kan keke, na bakwai kana kan bagade, to yaushe ka kiyaye Asabar ɗin da Allah ya umarta? Dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 ma ta ba ma'aikaci hutun sa'a 24 a jere kowane mako, da kwana ɗaya da rabi na hutu a kan kowane watan aiki. Abin kunya ne ikkilisiya ta fi kamfani tsanani ga 'ya'yanta. Ware ko da rabin yini ne a mako, ka rufe shago, ka kashe waya. Yesu da kansa, a Markus 6:31, ya janye almajiransa zuwa wurin da ba kowa don masu zuwa da tafiya sun hana su ko cin abinci. A Markus 1 kuma, Bitrus ya same shi yana addu'a da asuba ya ce kowa na nemansa, bai koma Kafarnahum ba, ya ce su wuce garuruwan gaba. Akwai marasa lafiya da ya bari a ranar, kuma bai yi zunubi ba. Ka kuma duba kalanda tun da wuri: Disamba ce lokacin da ɗinki ya fi yawa, ita ce kuma lokacin da ikkilisiya ta fi bukatar mutane. Ka faɗa tun Oktoba abin da ba za ka iya ba.

Za a kawo maka misalin magabata, a ce su ba su huta ba. Masu mishan da suka iso yankin Adamawa, Adolphus Gunderson a 1923 da mutanen Norway a Ngawundare a 1925, sun sha wuya ƙwarai, wasu sun binne 'ya'yansu a nan, amma ƙungiyoyin da suka aiko su sun tsara musu hutun komawa gida bayan 'yan shekaru. Mun gaji aikinsu, ba mu gaji wannan tsari ba, masu bisharanmu na ƙauye suka yi ta aiki har suka faɗi. Za a ambaci Baba Simon, Simon Mpeke, limamin Katolika da ya bar babbar ikkilisiya a Duwala a 1959 ya zo Tokombere, yana hawa duwatsu ba takalmi har kusan rasuwarsa a 1975. Ina girmama shi matuƙa. Amma shi ba shi da mata da 'ya'ya uku da ke jiransa, ya ba addu'a da kaɗaici lokaci mai yawa, kuma bai yi aikin shi kaɗai ba: akwai likita da asibiti a gefensa, akwai waɗanda suka ɗora bayansa. Kai kana da alkawarin da ka ɗauka a gaban Allah ranar aurenka, kuma ya riga littafin baiko. 1 Timoti 3 ta sa kula da gida a cikin sharuɗɗan mai hidima. Ka nemi gafarar matarka a kan tsawar, ka zaunar da ita ka tambaye ta me ta gani a shekarun nan, ka yi shiru ka ji. Ta riga kowa sanin ka gaji.

Game da addu'ar da ta bushe, kada ka ƙara wa kanka azumi da kwanan addu'a a wannan hali don ka tilasta wa zuciya ta ji wani abu. Rage, amma kada ka yanke. Zabura ɗaya da safe ta isa. Karanta ta 13, ta 42, har ta 88 wadda ta ƙare ba tare da haske ba, ka ga cewa Allah ya yarda bayinsa su yi masa kuka ba ado. Ikkilisiyar Afisa a Wahayin Yahaya 2 an yabe ta a kan wahala da jimiri, aka kuma ce ta bar ƙaunarta ta fari. Ana iya cika kowane aiki a rasa wannan, kuma ita Ubangiji ya tambaya. Haɗarin gaske a lokacin hutunka shi ne ka daina zuwa sujada gaba ɗaya, don kunya ko don gudun kada a sake ɗora maka. Je ka zauna, ka ci Jibin Ubangiji, in an zo da roƙo ka ce "ina hutu har wata kaza, ga wane." Yahaya Markus ya bar Bulus da Barnaba a tsakiyar tafiya har Bulus ya ƙi sake ɗaukarsa, amma bai bar Almasihu ba, a ƙarshe Bulus ɗin ne ya rubuta a 2 Timoti 4:11 a zo masa da shi don yana da amfani a gare shi.

Idan ka bi duk wannan hanya da ladabi amma dattawa suka ƙi, suka ce sai dai ka ci gaba da duka, to ka roƙi faston gunduma ko wani babban da suke jin maganarsa ya zauna da ku. In hakan ma bai yi ba, kana da 'yanci ka tsaya a kan ranar da ka sa. Rubuta lissafin baiko har zuwa ranar, a ƙirga abin da ke akwati a gaban shaidu biyu, su sa hannu, ka riƙe kwafi ɗaya. Miƙa littafin darasin yara ga wanda zai karɓa, ka zauna da shi Lahadi biyu ko uku yana koyarwa kana kallo. Bayan wata uku, in ka yi barci, ka ga likita, ka ji wa'azi da kunnenka, sai kai da matarka da fasto ku sake zama ku duba ko akwai abin da za ka ƙara ɗauka, da kuma tsawon lokacin da za ka riƙe shi kafin a sake dubawa.